Yadda Za Ka Bi Sawun Ɗan'uwanka da Ya Tafi Yaƙin Bama Bai Dawo Ba

A ɗakin kakarmu akwai wata tsohuwar adaka da ba a buɗewa sai in za a fito da zannuwan sallah. Can ƙasanta, cikin wani ƙullin tsumma, akwai wasiƙa guda ɗaya da ta yi laushi kamar ganyen da ya kwana a ruwa, da hoton wani saurayi sanye da jar dara da gajeren wando. Ƙanen kakanmu ne. Duk abin da muka taso muka ji a kansa shi ne an ɗebe shi soja zamanin yaƙin Hitila, ya tafi ƙasar Bama da ke nahiyar Asiya, wadda yanzu ake kira Myanmar, bai dawo ba. Ba wanda ya san ranar da ya rasu, balle inda aka sa shi. Na yi kusan shekara biyu ina bin sawunsa. Ga hanyar da na bi, har da wuraren da na yi tuntuɓe, ko wani ya huta da wahalar da na sha.

Tsofaffi tukuna, takarda daga baya

Kuskurena na farko shi ne na fara da waya. Na rubuta sunansa a intanet na yi ta lalube, alhali waɗanda suka san shi ido da ido suna zaune a ƙauye, kullum ana rage ɗaya. Takardar da ke ajiye a Ingila za ta jira ka ko shekara nawa ne. Tsohuwa mai shekara casa'in ba ta da wannan alkawarin.

Ka je da goro da ɗan abin hasafi, ka zauna, kada ka yi gaggawa. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a wayarka, sannan ka ajiye wayar gefe a manta da ita. Kuma ka fi ba mata ƙarfi. Maza za su ba ka labarin jarunta, yadda aka ce harsashi ba ya cin sa. Mata ne ke riƙe da abin da kake nema: wane wata aka zo da labarin rasuwar, wa ke goyon wa a lokacin, matarsa a ɗakin wa ta yi takaba, wa ya karɓi 'yan kuɗin da aka aiko.

Akwai wata matsala da mu kaɗai muka san ta, wato kunyar suna. Matar da ya bari, na same ta da rai a wani ƙauye kusa da namu, ta yi wani auren tun tuni har ta ga tattaɓa-kunne. Amma har ranar ba ta yarda ta kama sunansa ba. Sai dai ta ce "wancan bawan Allah". Kakarmu kuwa, da yake ƙanen miji abokin wasa ne, laƙabin tsokana kawai take kiran sa da shi. Sai da na haɗa da wani tsohon ladan sannan na tabbatar da sunan yanka. Don haka ka tattara duka: sunan yanka, laƙabi, sunan uba, sunan kaka, sana'ar gidan, da garin da aka kai shi aka rubuta shi. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, za ka ga amfaninsa.

Kada ka tambayi tsoho shekara da lamba. Ka tambaye shi da abin da ya faru. In mutumin ƙasar Katsina ne, ka ce kafin rasuwar Sarki Dikko ya tafi ko bayanta, domin Dikko ya rasu a 1944 aka naɗa Usman Nagogo. A ƙasar Sakkwato, naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938 alama ce mai kyau. Ka kuma tambayi su wa suka tafi tare. Ba kasafai ake ɗaukar mutum ɗaya daga gari ba. Dagaci kan haɗa samari ya miƙa wa hakimi, hakimi ya miƙa wa Di'o. Wanda ya dawo daga cikinsu, gidansa ne zangonka na gaba, domin sau da yawa shi ya kawo labarin, kuma takardar sallamarsa na iya nuna maka bataliyar da suka shiga tare.

Abin da ke cikin adaka

Duk abin da kake nema a nan lamba ce. Kowane soja yana da lambar aiki, kuma ta sojan Najeriya a Yaƙin Duniya na Biyu takan fara da haruffan NA, ta sojan ƙasar Gana ta yanzu kuma da GC. Masu suna ɗaya a rundunar ba su ƙirguwa, amma lamba ta mutum ɗaya ce. Ka duba saman wasiƙa, bayan hoto, takardar biyan kuɗi, ko takardar sanarwar rasuwa in an adana ta. Ni a saman wasiƙar nan na sami tamu, an rubuta ta da fensir, lambobi biyu na tsakiya sun goge. Ko hakan ya yi mini rana.

In kun sami lambar yabo ta ƙarfe, ka juya ta ka duba gefenta. Ta Yaƙin Duniya na Ɗaya ana buga suna da lambar soja a jikinta, saboda haka ita kaɗai ta isa ta buɗe maka ƙofa. Ta yaƙi na biyu kuwa, irin tauraron nan na Bama ko na Afirka, galibi babu suna a jiki. Iyakacinta ta gaya maka fagen da aka yi yaƙin.

Tsohuwar takarda kada ka kai ta a manne mata leda da zafi, kada ka liƙe yagewarta da salatif. Ka shimfiɗa ta inda haske yake ba a cikin rana ba, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka sa ta tsakanin fararen takardu biyu, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da laima. In da ajami aka rubuta wasiƙar, ka kai wa malamin da ya saba da rubutun da, ya karanta kana rikodi.

Sunan da Bature ya rubuta

Wannan wurin ne ya fi cin lokacina, kuma nan mutane da yawa ke sarewa. Akawun da ya rubuta kakanka bai tambayi sunan ubansa ba. Abin da aka saba shi ne a haɗa sunan mutum da na garinsa ko ƙabilarsa, shi ya sa rajistar rundunar ta cika da su wane Kano, wane Bauci, wane Sakkwato. Garin ma ba lallai ƙauyenku ba ne, yakan zama babban garin lardi ko inda aka ɗauke shi. Mutumin ƙauyen da ke ƙasar Zazzau sai ya koma wane Zariya.

Sannan ga rubutun kunnen Bature. Audu na iya fitowa Awudu ko Abdu. Garba ya zama Garuba. Mamman ya zama Mama ko Momo. Usman ya zama Osuman, Yusufu ya zama Yesufu, Ibrahim ya zama Braima. Garuruwan kuma da rubutun Turawa suke, Sokoto, Bauchi, Bornu. Wasu samarin da gangan suka ba da sunan ƙarya don sun gudo ne daga gida, wasu kuma ba Hausawa ba ne amma aka laƙaba musu sunan Hausa, tunda Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Ka ɗauki takarda ka jera duk yadda za a iya karkata sunan, ka haɗa kowanne da kowane gari mai yiwuwa. Tawa takardar sai da ta cika shafi.

Rajistar kaburburan yaƙi

Yanzu ne lokacin waya. Akwai hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. Shafinta na intanet kyauta ne, kuma yana ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu a bakin aiki daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, da kuma daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Ba sai wanda harsashi ya kashe ba. Wanda zazzaɓi ko haɗarin mota ya kashe yana cikin kaki shi ma yana ciki.

In kana da lamba, fara da ita. In babu, ka rubuta sunan gaba ɗayansa a gurbin sunan iyali, domin sojojinmu da yawa a dunƙule aka shigar da sunansu, ba a raba na farko da na biyu ba. In bai fito ba, ka sa sunan garin kaɗai, ka zaɓi yaƙin da kake nufi, ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Kada ka taƙaita bincike ga Nigeria Regiment kawai. Babbar rundunar ita ce Royal West African Frontier Force, kuma akwai 'yan igwa, injiniyoyi, direbobi da ma'aikatan asibiti, kowanne da sunan sashensa.

Abin da zai fito maka ɗan kaɗan ne: muƙami, ko farabiti ne ko kofur ko saje, sai lamba, bataliya, ranar rasuwa, da inda kabari ko sunan yake. Wani lokaci har da sunan uba ko na mata da garinsu. In ka dace da wannan, ka gama tantancewa. In babu shi, kada ɗoki ya sa ka rungumi mutumin wasu. Na yi wata guda ina murna da wani mai irin sunan, har na faɗa a gida, sai daga baya na lura lambarsa ba ta yi kama da ta wasiƙarmu ko kusa ba. Ka sa wa kanka doka: sai abu biyu aƙalla sun dace, suna da lamba, ko suna da gari da lokaci.

Yawancin waɗanda suka faɗi a Bama za ka same su a maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, wanda a da ake kira Rangun. An fara ta a 1951, aka kwaso kaburbura daga Akyab, Mandalay, Meiktila da Sahmaw, akwai sama da 6,000 a cikinta. A tsakiyarta akwai dogayen ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Namu yana cikin waɗannan. Wasu kuma suna Chittagong a ƙasar Bangaladash ta yau, inda asibitocin soja suke. Wanda ya rasu a gida Najeriya kafin a tafi ko bayan an dawo, a duba sunayen da ke allon tunawa na Abuja, a maƙabartar sojoji ta ƙasa. Na yaƙin farko, waɗanda suka yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916 ko Gabashin Afirka bayan nan, akwai allunansu a Zariya, Lakwaja, Ibadan da Kalaba.

Daga lambar bataliya zuwa taswira

Bataliya da ranar rasuwa, in ka haɗa su, za su nuna maka kusan inda ya faɗi. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma ce ta je Bama, ta 81 da ta 82, dukansu an kafa su a 1943, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya.

In ka ga bataliya ta 4 ta Nigeria Regiment, tana cikin runduna ta 81 da ta ratsa kwarin kogin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, abinci ma daga jirgin sama ake jefo musu. In ta 6 ce ko ta 7 ko ta 12, to ɗan'uwanka yana cikin birged ta 3 da aka ba Janar Wingate, aka sauke su da jiragen sama a bayan layin Japanawa a 1944. Suna cikin sojojin da ake kira Chindit, waɗanda aka sa wa barikin Zariya sunansu. Bataliya ta 1, ta 2 da ta 3 sun fara yin yaƙin Gabashin Afirka da Italiyawa, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, daga baya suka tafi Bama cikin runduna ta 82 tare da ta 5, ta 9 da ta 10. Waɗannan su suka bi yankin Arakan, aka karɓi Myohaung a Janairun 1945, suka gangara ta Dalet, Tamandu, An da Letmauk. In sunayen nan sun yi maka kama da waɗanda ka sani, ba mamaki: barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Dodan, Arakan da Tamandu a Legas, duk daga can aka samo su. Muna wuce su kullum a mota ba mu san kaburburan iyayenmu suke nunawa ba.

Ni abin da ya fito mini ba bataliya ba ce. An rubuta "Aux. Group", wato rukunin 'yan dako. A dajin da mota ba ta shiga, su ke ɗaukar harsasai, kayan igwa, abinci da masu rauni a ka, su sare daji su buɗe hanya. Tambarin runduna ta 82 ma mashi biyu ne gicciye a kan gammo. A gida an ce mana maharbi ne wanda ba ya kuskure. Takarda ta ce ɗan dako ne. Na daɗe ina jujjuya yadda zan faɗi wannan a zaure, har na gane ni ne mai jin kunyar da babu dalilinta.

Kundin yau da kullum na bataliya

Kowace bataliya tana da kundin da hafsa ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Suna ajiye a ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan. Na fagen Bama suna ƙarƙashin lambar WO 172, na cikin Afirka ta Yamma WO 173, na yaƙin farko WO 95. Takardun da aka rubuta don neman a ba soja lambar jarunta suna WO 373. Ana iya binciken jerin sunayen kundayen kyauta a intanet, sannan ka biya a kwafo maka, ko ka roƙi wani ɗalibinmu da ke karatu can ya je ya ɗauko hoton shafukan. Kada ka ce a kwafo shekara guda. Mako biyu kafin ranar rasuwar da mako ɗaya bayanta sun isa.

Amma ka shirya zuciyarka. In Bature ya mutu, kundin zai kawo sunansa da muƙaminsa. In namu ne, sau da yawa sai dai ka ga adadi da haruffa uku, AOR, ma'ana ƙananan sojoji 'yan Afirka. Duk da haka za ka san sunan ƙauyen ko rafin da suke a ranar, ko ruwa ake yi, ko kwanton ɓauna aka yi musu, ko ciwo ne ke ɗibar mutane. Zazzaɓin cizon sauro da atini sun yi wa rundunonin nan ɓarna ƙwarai, don haka kada ka ɗauka dole a fagen fama ya faɗi.

A nan gida

Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin lardunan Arewa, irin su Kanoprof, Zarprof da Sokprof, da na sakatariyar Arewa mai lambar SNP. Ka tafi da katin shaida da takardar bayanin abin da kake nema. Ka nemi fayilolin ɗaukar soja, na kuɗin da ake aiko wa iyalan sojoji, da na gadon waɗanda suka rasu, domin ta hannun Razdan da Di'o da En'e irin wannan saƙo ke bi kafin ya isa ƙauye. Aikin haƙuri ne, kana iya yini ba ka sami komai ba. Gidan Arewa House, tsohon gidan Sardauna, shi ma yana da tarin takardu, kuma ya kamata ka tambayi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 ta kuma bi labarin yaƙin da Hausa. Ofishin 'yan mazan jiya na jiharku, wato Nigerian Legion, a leƙa shi. Ko ba su da takarda, sukan san gidajen tsofaffin sojoji na yankin.

In wanda kake nema a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rasu, ko a wani aiki bayan nan, ba ya cikin rajistar CWGC. Nasa bayanin yana hannun rundunar sojan Najeriya, sai ka rubuta wa ofishin adana bayanan sojoji da ke Lakwaja ko hukumar fanshon sojoji a Abuja, ka haɗa da lambarsa da shaidar dangantakarku. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa kuwa, waɗanda Faransa ta ɗiba, shafin ma'aikatar tsaron Faransa mai suna Mémoire des hommes za su duba. Sai dai a tuna akwai waɗanda suka tsallako iyaka suka shiga sojan Ingila, don haka a gwada ɓangarorin biyu.

In ka bi duk wannan sunan bai fito ba, wannan ba ya nufin kakanninku ƙarya suka yi. A Afrilun 2021 hukumar CWGC da kanta ta fitar da rahoto ta nemi afuwa, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya na yaƙin farko, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Tana karɓar hujja daga iyalai, saboda haka ka aika musu hoton abin da kake da shi.

Haɗa labarin

Ka rubuta shi, ko shafi uku ne, da Hausa yadda kowa a gida zai karanta. A kowace magana ka nuna daga ina ta fito: wannan daga bakin kaka, wannan daga rajista, wannan hasashena ne. Inda baki da takarda suka saɓa, ka kawo duka biyun, kada ka goge ɗaya. Takarda ta fi baki riƙe rana da lamba, amma akawun soja bai san cewa saurayin nan ya bar gonar gero ba a girbe ba, bai san ya yi wa ƙanwarsa alkawarin zane ba. Shafin CWGC yana ba da takardar shaida mai sunansa da za ka iya saukewa ka buga. Ka yi kofe da yawa, ka raba wa gidaje daban-daban, ka tura a zauren WhatsApp na dangi, don kada gobara ɗaya ko gara ta cinye aikin.

Mu mun zaɓi mako na 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, muka tara dangi a zaure. Aka yi saukar Alƙur'ani, aka raba waina da goro, liman ya yi addu'a ya kama sunan yanka da na ubansa, aka faɗi ranar rasuwar a karo na farko. Maganar dako da nake fargaba, wani baffanmu ne ya karɓe ta, ya ce ai duk zuriyar nan ba a taɓa yin mai wuyan ɗaukar kaya kamarsa ba, damin dawa biyu yake haɗawa daga gona.

Washegari na kai wa tsohuwar nan, matar da ya bari, kofenta. Ba ta karatun boko, sai na nuna mata layin da sunan yake, ta ɗora yatsa a kai ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ɗan nan, Baman nan gabas take ko yamma?" Na ce, "Gabas, Iya, can gaba da Makka." Ta gyaɗa kai, ta ninke takardar gida huɗu, ta ɗaga buzun sallarta ta sa a ƙarƙashi.